Guzurin Hanyar Kurmi

Ran Lahadin da ta wuce ina bayan majami'a ina tsince wake, sai na ji 'yan matan zumunta suna hirata, ba su san ina ji ba. Ɗaya ta ce, "Wai me Maman Dauda ta yi ne da kullum ake sa sunanta cikin masu aikin bishara? Ai girki ne kawai." Wata ta ce ita ma a ba ta nama da mai yanzu ta yi dambu. Na dawo gida na nemi takarda, domin waɗanda suka san aikin nan yawancinsu sun huta, in ban faɗa ba babu mai faɗa muku.

Sana'ata guzuri ce. Na yi ta tun farkon shekarun casa'in har bayan da aka yi sulhu a Sudan mutane suka fara komawa gida. Ikkilisiyarmu ta unguwar Walia a nan Njamena ƙarama ce, ta masu jin Hausa, wasu daga Najeriya wasu daga Nijar. Duk shekara mukan aika mai bishara guda zuwa wurin mutanen kudancin Sudan da yaƙi ya koro, suka zauna can ƙurya a gabashin Afirka ta Tsakiya, dab da iyaka. Suna da fastocinsu da masu bishararsu, waɗanda ke ratsa daji da ƙafa su koma ƙauyukan da aka baro. Mu namu kai musu abin da za su tsaya da shi: gishiri, sabulu, magani, littattafan sujada, allura da zare, da abincin hanya. Daga Njamena a bi ta Sarh, a ƙetare iyaka, a shiga kurmi a bayan kamyo, wato babbar motar kaya. In Allah ya sauƙaƙa mako uku, in hanya ta ƙi mako shida. Abin da za ki dafa a ci da rana, shi ne girki. Abin da mutum zai kwance bayan kwana arba'in, a inda babu kasuwa babu asibiti, ya ci ya rayu, wannan wani abu ne daban. Akwai shekarar da na kusa kashe mutum da shi, aka kuma nemi a karɓe aikin daga hannuna a rufe hanyar gaba ɗaya. Zan zo kanta.

Aikin farko da aka sa ni shi ne suyar gero, kuma wata biyu na yi ban taɓa nama ba. A unguwar Mardjandafak na koya, wurin wata tsohuwa, Hajiya Kaka. Iyayenta daga Katsina suka taso da ƙafa za su Makka, suka yada zango a nan, zangon ya zama gida. Ita kuma ta girma tana yi wa mahajjatan ƙasa guzuri, masu bin hanyar Abeche su nufi gabas. Lokacin da na same ta jirgin sama ya kwashe mata mutane, sai dakuwa take sayarwa a zaure. Maigidana tela ne, shi ke yi wa gidansu ɗinki, shi ya yi mini hanya.

Ranar da na fara zuwa ta dube ni tun daga ɗankwali har takalmi.

"Ke ce Kiristar?"

"Ni ce, Hajiya."

"Su wa za ki yi wa guzurin?"

"Masu wa'azinmu."

Ta ci gaba da jan carbinta. Can ta ce, "To, cikinsu dai irin na kowa ne. Je ki wanke hannunki, har gwiwar hannu, ba irin wankin 'yan makarantar lekol ba."

Gero a kasko yana da magana. Da fari yana huci, sai ya fara tsalle, sai ƙamshi ya canja daga na ɗanye zuwa na gyaɗa. Tsakanin wannan ƙamshin da ƙonewa, ba a fi ƙiftawar ido ba. Hajiya ba ta leƙa kasko. Daga inda take zaune za ta ce, "Sauke, 'yar nan," kuma in na ƙara juyi ɗaya sai ta sa na ba kaji. Kajin gidan nan sun yi ƙiba a hannuna.

Dambun nama shi ne babban aiki. Nama ja zalla, babu kitse ko ɗigo, domin kitse shi ke fara wari. A dafa da gishiri da citta da kanumfari har ruwan ya ƙafe, a daka, a tsefe da yatsu, a soya a hankali, a baza a rana. Yadda ake gane ya bushe, ki ɗebo ki zuba a faifai ki saurara. In ya yi ƙara kamar yashi, ya yi. In ya faɗi shiru, da saura. Turmi biyu nake da su har yau, na nama daban na hatsi daban, ba sa haɗuwa. Ga kasko mai faɗi, ga rariya biyu, ga muciya, ga basilla, ga yadin akoko. Da akokon ake ɗinka jakunkuna, ninki biyu, a zuba abinci a ɗinke baki. Dokar Hajiya ɗaya ce, ta kuma maimaita mini ita ya fi sau ɗari: kada ki toshe wa abinci numfashi. Leda ba ta shiga gidanta. Ta ce a rataye jaka a gefen mota, iska ta riƙa ratsa ta, abinci zai kai mutum har bakin teku. Ba ƙarya ta yi ba. Ya kai dubban mutane.

Shirya kaya shi ma ilimi ne, kuma a kan Malam Yohanna na koye shi. Shi ne mai bishararmu, mutum dogo marar yawan magana, wanda in ka ba shi dutse ka ce abinci ne zai yi godiya ya ci. Irin wannan ya fi wahalar yi wa guzuri, domin ba zai taɓa gaya miki abin da ya lalace ba. Sai na riƙa tsare shi da tambaya in ya dawo: me ya fara ƙarewa, me ka ba wasu, me ka zubar. A haka na gane cewa salanga, ƙananan kifin nan na kogin Shari, a sama ake sa su domin makon farko. Dambu da ƙuli-ƙuli da dakuwa a tsakiya. Garin kunu a ƙasa, domin ƙarshen tafiya ciki ya gaji, ba ya son komai sai ruwa-ruwa. Kowace jaka da launin zarenta a baki, ja na nama, baƙi na kifi, fari na gari, don ko wanda bai iya karatu ba ya miƙa hannu ya ɗauko daidai. Rabin abincin ma ba nasa ba ne. Na masu bisharar can ne, masu tafiya da ƙafa, waɗanda ba su da lokacin tsayawa farauta ko tonon rogo.

Wasu baƙi ma sukan biyo ta wurina. Akwai wani fasto daga Najeriya da ya ce mini shi likita ya hana shi yaji, kada in sa masa ko kaɗan. Na ce to. Na ƙulla masa ɗan ƙulli na cusa a ƙasan jaka. Da ya dawo ya ce, "Maman Dauda, wannan yajin da kika sa bisa kuskure, shi ya riƙe ni mako biyu a kan dafaffen rogo." Na ce ai kuskure ne, Fasto, a yi haƙuri.

Shekara uku Malam Yohanna yana tafiya yana dawowa lafiya. Duk a watan Disamba yake tashi. Ban taɓa tambayar kaina me ya sa abin ke tafiya daidai ba, na ɗauka hannuna ne.

A shekara ta huɗu takardun ƙetare iyaka suka makale, sannan mai kamyon da yakan ɗauke shi ya yi ta ɗaga rana. Bai tashi ba sai Afrilu. Kun san Afrilun Njamena. Ƙasa kamar tanda, ko tsuntsu ba ya son tashi. Naman da kan ɗauki kwana uku ya bushe a yini guda. Ina zuba dambu a faifai ina jin ƙararsa, ina cewa ban taɓa yin guzuri mai kyan na bana ba. Na ɗaga kai na dubi sararin Walia, babu gajimare ko na rantsuwa, na ɗinke jakunkuna. Ni 'yar busasshiyar ƙasa ce, malamata ma haka, dattawanmu ma haka. Babu ɗayanmu da ya yi tunanin cewa a can kurmi damina ta riga ta sauka.

Sai ƙarshen Yuli muka sake ganinsa. Taksi ta tsaya a ƙofar gidana da tsakar rana, domin ɗakin baƙin ikkilisiya da magaza, wato ɗakin ajiyar kaya, duk a gidana suke. Wata mace gajera kakkaura ta fara fitowa, ta zagaya ta buɗe ɗaya ƙofar, ita da direba suka ɗago wani abu kamar kara a cikin riga. Sai da ya ce, "Sannu da gida, Maman Dauda," na gane shi.

Matar sunanta Roda, shugabar mata ce a majami'ar 'yan gudun hijirar. Ita ta yi jinyarsa wata biyu, ta kuma ƙi bari ya hau mota shi kaɗai. Da aka kwantar da shi ya sha kunu, ya ba ni labari a hankali. Sun isa wani kogi, jirgin fito ya lalace, suka yi kwana goma sha biyu a gaɓa, babu ƙauye kusa. Kullum da la'asar ruwa, in ba ruwa kuma iskar kanta jiƙe take. Dambu ya yi fumfuna kore shar. Kifi ya yi tsutsa. Gishiri ya narke ya bi ta ƙasan buhu. Littattafai suka manne suka zama dunƙule guda. Ya riƙa kankare saman naman yana cin na ciki, har atuni ya kama shi. Masu bishara biyu da ke jiran guzurin su shiga Sudan, shekarar ba su shiga ba.

"Yadda kika ce haka na yi," in ji shi. "Na rataye su a gefen mota don su sha iska."

Ba da zargi ya faɗa ba. Yana gaya mini ne kawai cewa bai saɓa umarnina ba.

Matarsa Hannatu ta zo ta tafi da shi gida. Na gaishe ta, ta amsa wa bango.

Lahadi ta biyu da dawowarsa, bayan sujada, dattawa suka kira ni ƙarƙashin darbejiya. Baba Iliya ne shugaban komite, tsohon ma'aikacin gidan waya, mutum mai son komai a kan layi. Ya yi doguwar addu'a, sannan ya ce sun yi shawara. Ba za a sake aika ɗan mutane ya je ya mutu a daji ba. Hanyar kurmi an rufe ta; za mu riƙa tuna 'yan'uwanmu na can cikin addu'a. Ni kuma an gode mini, in kawo mabuɗin magaza.

Mabuɗin yana ɗaure a bakin zanena. Na ce, "Baba, laifin nawa ne, ba na hanya ba ne."

"Ba mu ce ki yi magana a kan laifi ba, Saratu. An yafe miki."

"Na gode da yafiya. Amma mutanen can ba su yi laifin komai ba, su za a hukunta. Addu'a muna yi musu tun da, ba ta hana su bukatar gishiri ba."

Wani dattijo ya ce in iya bakina. Na ce na iya shi shekara da shekaru.

"Mabuɗi, 'yata," in ji Baba Iliya, ya miƙo hannu.

"Ba zan bayar yau ba, Baba. Ku ba ni daga nan zuwa ƙarshen Satumba. In ban nuna muku abincin da zai iya ratsa kurmi ba, ni da kaina zan kawo har gida, in haɗa da turamena."

"In mun ce a'a fa?"

"To sai ku aiko a kwance mini zane."

Maigidana yana cikin masu zama a wurin, ya sunkuyar da kai yana duban ƙasa. Baba Iliya ya daɗe da hannu a miƙe, sannan ya mayar da shi aljihu. Ya ce shawara dai tana nan yadda take, amma shi ba ya kokawa da matan mutane.

Washegari na ƙetare gada na tafi Mardjandafak. Na zayyana wa Hajiya Kaka komai. Ta saurara har ƙarshe.

"Ni hanyar gabas na koya miki," ta ce. "Wa ya ce ki kai ta kurmi?"

"Ban san da bambanci ba, Hajiya."

"Ni ma ban sani ba. Ban taɓa zuwa inda ruwa ke bin mutum har cikin jaka ba." Ta juya carbinta. "Mutumin yana da rai?"

"Yana da rai."

"To alhamdu lillahi. Kin ce matar can tana gidanki? Me kike nema a wurina? Je ki zauna a gabanta yadda kika zauna a gabana. Kuma ki wanke hannu."

Roda ba za ta iya komawa ba sai ruwa ya ɗauke, don haka tana ɗakin baƙi. Larabcinta na kudu ne, nawa na kasuwar Njamena, rabin zancenmu da hannu muke yi. Na ɗauko jakar akoko na nuna mata. Ta riƙe ta, ta kara a baki ta hura, iska ta fita ta ɗaya gefen. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Akhti," ta ce, wato 'yar'uwata, "a ƙasarku iska tana shanya. A ƙasarmu iska tana jiƙa. Kin buɗe wa ɓarawo ƙofa, kin ce ya shigo ya huta."

A wurinta na sake zama 'yar koyo ina da 'ya'ya huɗu. Su a can, in ji ta, abu uku ke tsare abinci: hayaƙi, mai, da rufi. Nama bayan ya bushe a kan ɗora shi a ragaya bisa murhu ya sha hayaƙi kwana biyu. Gyaɗa da riɗi a markaɗa su, man da ya taso a bar shi a sama, shi ne murfi. Su da goruna suke yi, su toshe baki da kakin zuma. Ni ba ni da goruna masu jure bayan kamyo, amma Njamena cike take da gwangwanayen madara. Na bi masu shayi na unguwar Bololo ɗaya bayan ɗaya ina roƙo. Wani Buzu mai shayi ya ce, "Madam, gini za ki yi da su?" Na ce kusan haka. Kaki kuma Hajiya ta haɗa ni da wani mai kawo zuma daga kudu.

Rufe gwangwani guda, ga yadda yake. A wanke da toka, a ɗauraye, a kife a rana, sannan a ɗora a kan garwashi har ya yi zafin da ba za ki iya riƙewa ba, don laimar da ido ba ya gani ta fita. A bari ya huce ya zama ɗumi. A zuba dambu a danna da bayan ludayi har babu rami, a kwarara man gyaɗa da aka tafasa ya huce, sai ya shanye kan naman. A danna murfi. A narka kaki a tsoma bakin gwangwanin sau uku, ana bari kowane ya daskare kafin na gaba. Gari ba ya son mai, shi soyuwa da zafin gwangwani da kaki ke tsare shi. Gishiri da ashana da allura a kwalba. Littattafai a naɗe cikin yadin da aka shafe da kaki. Abin da Roda ta fi nanata mini kuwa, kada a tara abinci a mazubi guda. Ƙanana da yawa, kowane na kwana biyu ko uku, domin wanda aka buɗe a kurmi ya riga ya fara mutuwa. Yatsuna sun ƙone da kaki har sun daina jin zafi. Haka na riƙa yi har ranar da na ajiye aikin, ban ƙara ba, ban rage ba.

Saura gwaji. Kurmi ba ya zuwa Njamena, amma Walia a watan Agusta ba ta da nisa da shi. Ruwa a tsakar gida, kwaɗi a ƙarƙashin gado, bango yana zufa. Na zaɓi gindin randuna, inda ƙasa ba ta taɓa bushewa. Na jera gwangwani shida, na ajiye jakar akoko guda cike da dambu irin na da a gefensu, na lulluɓe duka da jiƙaƙƙen buhu. Na aika aka kira Baba Iliya ya zo ya gani da idonsa, ya sa hannu a kan kakin kowane da ƙusa, don kada a ce na musanya. Ya zo, ya zana, ya ce, "Wahalar da kanki kike yi." Kullum da safe Roda takan yayyafa wa buhun ruwa tana ce masa, "Ga damina, ga damina." Kwana arba'in muka ƙirga.

Ranar buɗewa, bayan sujada, ba dattawa kaɗai suka tsaya ba. Kusan duk ikkilisiya ta zagaye darbejiya. Malam Yohanna ya zo da sanda, Hannatu tana riƙe da shi. Na shimfiɗa tabarma na fara da jakar akoko. Ban gama farke bakin ba mutane suka ja baya suna toshe hanci. Na ce, "Wannan shi na ba Malam. Ku dube shi da kyau, aikina ne."

Sannan na miƙa wa Baba Iliya gwangwanayen ya duba zanensa. Na fasa kaki da wuƙa. Na farko, ƙamshin citta ya tashi. Na biyu haka, na uku haka. Na huɗu da na ɗaga murfin, fumfuna ta yi fari a gefe guda. Kakin ya tsage a inda na yi sauri, sau biyu na tsoma maimakon uku. Na biyar da na shida lafiya.

Baba Iliya ya nuna na huɗun da sandarsa. "Wannan fa?"

"Wannan a zubar, Baba. Shi ya sa suke shida. Da jaka ce, da duka sun tafi."

"Ido ba ya ganin kowace cuta, Saratu."

"Gaskiya ne."

Na sa hannu a gwangwani na farko na ɗebo na ci. Na ci daga na biyu, na uku, na biyar, na shida, ina taunawa a hankali a gaban kowa. Roda ta durƙusa kusa da ni ita ma ta ɗiba. Sai Malam Yohanna ya matso ya miƙo hannu. Hannatu ta buge hannun.

"Kai ka ci naka rabon," ta ce.

Ta tsuguna, ta ɗebo da yatsu uku, ta shinshina, ta sa a baki. Ta daɗe tana taunawa. Wata biyu ke nan rabon da mu haɗa ido, ranar ta dube ni.

"Gishiri ya yi yawa, Maman Dauda."

"Da gangan ne."

"To." Ta share yatsunta a bakin zane, ta juya wajen dattawa. "Ni dai na san mijina. Ko kun rufe hanya, ranar da ƙafarsa ta yi ƙarfi tafiya zai yi. Gara ya tafi da wannan."

Baba Iliya bai ce an buɗe hanya ba, bai ce an rufe ba. Ya ce abinci ba a yanke masa hukunci a baki, sai a ciki. A bari a ga yadda matan nan uku za su kwana, gobe zai aiko a duba mu. Ya rufe taro da addu'a, gajera wannan karon.

Da safe ina tsakar gida ina dakan gyaɗa, Roda tana tankaɗe, na ji ƙararrawar keke a ƙofa. Ba aike ya yi ba, shi da kansa ne, wandonsa duk taɓo har gwiwa. Muka gaisa. Ya dube ni, ya dubi taɓaryar da ke hannuna.

"Lafiya kuka tashi?"

"Lafiya lau, Baba."

"Cikin fa?"

"Shiru."

"Na biya ta gidan Yohanna. Hannatu ma tana can tana masifa, lafiyarta ƙalau."

Na tsaya ina jira ya yi maganar mabuɗi. Sai ya juya ya kwance wani buhu daga bayan keken, ya zazzage a ƙasa. Gwangwanayen madara ne, sun fi ashirin, wasu da tsatsa a baki, wasu da sauran madara a ciki.

"Na bi gidajen dattawa," ya ce. "Disamba ba nisa. Waɗannan za su yi?"

Na tsuguna na ware masu tsatsa gefe guda. "Waɗannan ba za su yi ba. Sauran sai an wanke su da toka."

Ya jingine keken a bango, ya naɗe hannun riga, ya ce, "Ina tokar take?"